Gurbin da Na Faɗaɗa wa Ƙofar Yaya

Ban cika shiga Balad, tsohon garin Jidda, ba yanzu, ko da kuwa sayayya ta kai ni Bab Makka. In na gama da masu yadi sai in juya in nemi motar Waziriyya, in bar tsohon gari a bayana. To amma ƙafar tsoho ba ta jin magana. Kwanan baya sai farga na yi ina tsaye a lungunmu na da, gaban wata ƙofa mai kauri da aka shafe da mai tana ƙyalli, ƙanshin gahawa yana fitowa ta taga, baƙi suna jingina da ita ana ɗaukarsu hoto. Ɗaya daga cikinsu ya shafa gefenta ya ce wa ɗan'uwansa wannan aikin mutanen da ne. Saura kaɗan in ce masa mutumin da ɗin ga shi nan a bayanka riƙe da ledar yadi. Ni na zaunar da ƙofar nan. Kuma tun ranar da na zaunar da ita, matar da ta tsufa a ɗakin ba ta sake taka cikinsa ba.

A garin nan aka haife ni. Iyayena sun zo aikin hajji da ƙafa ta Sudan, guzuri ya ƙare, komawa ta gagara, suka zauna. Da na yi wayo mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani kafinta Bahaushe da kowa ke kira Mu'allim, ya ce masa ga shi nan, in ya koya alhamdu lillahi, in bai koya ba aƙalla ya daina yawo a bakin teku. Mu'allim yana zaune a ɗakin ƙasa na gidan wani attajiri, irin dogayen gidajen nan na dutsen teku masu tagogin katako da suke leƙo lungu. Shi ya yi wa attajirin tagogin, shi kuma attajirin ya ce a gaban liman da maƙwabta ɗakin nan na Mu'allim ne shi da 'yarsa har ƙarshen ransu. A wancan zamani in an faɗi magana a gaban liman ta zauna ke nan. Har yau in na rufe ido ina jin lungun da safe. Mai sayar da ruwa yana kira, kofaton jakinsa na ƙwanƙwasa ƙasa, jirgin ruwa yana kuka daga tasha, ladanai suna rige-rige da muryarsu ta Allah ba na'ura, ga kuma gudumar Mu'allim a kan katako, a hankali, kamar mai daka da ba ta sauri. Yanzu in ka tsaya a wurin ƙugin na'urorin sanyaya ɗaki kawai za ka ji.

'Yar tasa ita ce Yaya. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta yi aure mijin ya rasu ba haihuwa, ta dawo gaban mahaifinta tana dafa masa. Mu almajiran sana'a biyu ne a lokacin, kuma ita ta raɗa mana sunayen da suka bi mu har furfura. Abokina ta ce masa Dogo saboda kansa na bugun dokin ƙofa na sama, ni kuma Auta, don a bayansa na zo. Yau gemuna fari fat, jikokina sun yi aure, amma in ta ce Auta sai na amsa da sauri. Da safe takan aike mu sayo ful da tamis, wato wake da gurasa, da rana ta tuƙa tuwo da kukar da alhazai ke kawo mata tsaraba, mu ci a kwano ɗaya ni da Dogo, yana yi mini wayo yana jawo naman gabansa. Aikinmu na farko kullum shi ne tattara ɓawon katako mu kai mata murhu. In muka kawo da ƙusa a ciki ta ja mana kunne, in muka yi faɗa ta hana mu shayi, in zazzaɓi ya kama ɗayanmu a tabarmarta yake kwana. Uwata ta taɓa cewa ita ta haife ni amma waccan ce ke da ni, kuma ba wasa take yi ba.

Yawancin aikin Mu'allim ba sabon gini ba ne, gyaran ƙofofi ne. Kowace ƙofa tana da katakon da ya kewaye bakinta, mu nan halƙi muke ce masa, 'yan Najeriya kuma firam. A jikinsa akwai gurbin da aka fafe, inda ƙofa ke shiga ta zauna in an rufe ta. Danshin Jidda ba ya barin katako ya zauna lafiya, sai ƙofa ta kumbura ta ƙi gurbinta, ko kuma mai gida ya so wata mai kauri. A sabon gini sai a ɓalle halƙin a kai shi shago. A gidan dutsen teku kuwa ba a yin haka, domin dutsen ya riƙe katakon shekara da shekaru, in ka ja shi rabin bango ne zai biyo ka. Dole a faɗaɗa gurbin a inda yake, kana tsaye, katakon na tsaye. Za ka ja layi, ka bi layin da izmili, wato cizal, kana sara kaɗan-kaɗan, sannan ka fere tsakanin, ka kai ƙasa ka durƙusa, ka kai sama ka ɗaga hannu har kafaɗa ta yi tsami. Mu'allim yakan ce mana, "Ku baƙi ne a gidan mutane. Ku yi aikinku masu gida na cikin ɗakinsu. Ranar da kuka ce wa mai ɗaki ya tashi don ku yi aiki, ku ajiye kayan ku je ku sayar da kankana." Na ga ya gyara ƙofar ɗakin mai jego jariri na barci bai farka ba.

Wata shekara aka yi ruwan sama irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai ya zo da fushi. Lungu ya cika, ruwa ya kwana a bakin ɗakin Mu'allim, ƙofarsa ta kumbura ta ƙi rufuwa. Sai ya ce yau zai ga abin da muka koya, ya ba Dogo gefe ɗaya ya ba ni ɗaya, shi kuma ya zauna a kan benci da tasbaha. Shi ne karon farko da ya bar mu muka taɓa halƙi da ƙarfe. Katakon Jawa ne, tauri kamar ƙashi. Yaya tana zaune a ciki tana tsintar shinkafa, ko gusawa ba ta yi ba, ɓawon katako na sauka kusa da ƙafarta. Dogo mai gaggawa ne tun asali. Ya ce, "Ya Mu'allim, me zai hana mu cire shi gaba ɗaya mu huta?" Mu'allim ya miƙa yatsa ya sosa dutsen gefen halƙin, gari ya zubo kamar gishiri. Dogo ya ji kunya, ya koma sara da haushi, izmilin ya zame ya tsaga masa bayan hannun hagu. Jini ya yi tsartuwa har kan shinkafar. Yaya ce ta yi wuf ta kama hannun, ta cika raunin da garin gahawa, ta yage bakin mayafinta ta ɗaure, tana yi masa faɗa tana hawaye. Ni na ƙarasa gefensa. Da yamma ƙofar ta shiga gurbinta da wani ɗan sauti mai laushi, Mu'allim ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ce, "Tayyib," wato ya yi kyau. Daga bakinsa wannan kalma ta fi riga sabuwa. Ranar na san ni kafinta ne, kuma ranar na ɗauka mu uku ɗin nan, ni da Dogo da Yaya, babu abin da zai shiga tsakaninmu.

Da Mu'allim ya rasu Yaya ta raba mana kayansa, Dogo ya ɗauki zarto, ni ta ba ni izmilin nan mai ƙotar da ta sha hannu har ta yi baƙi. Zamani ya juya. Aka zo da injin da ake kira rauta, mai ɗan haƙori da ke juyawa da gudu yana cin katako. Ba zan yi ƙarya in ce na ƙi shi ba, kamar yadda wasu tsofaffi ke yi don a ce su na da ne. Na saya, na ji daɗinsa, aikin yini yakan ƙare kafin azahar. Za ka kafa miƙaƙƙen katako a jikin halƙi ya zama jagora, ka bi da maganaɗisu ka nemo tsofaffin ƙusoshi kada haƙori ya ci karo da su, sannan ka bi da injin sannu-sannu, kana zurfafawa kaɗan a kowane zuwa. Illarsa biyu ce. Ba ya kaiwa kusurwa ko can ƙasa kusa da daɓe, sai an ƙarasa da hannu. Sannan ga ƙara ga ƙura, ƙura mai laushi kamar garin tuwo da ke shiga hanci da tukunya da cikin akwati. Da rauta ta shigo sana'a, kafintoci suka fara ce wa masu gida su fita tukuna, kuma ba wanda ya ga abin kunya a ciki. Ni ma na saba faɗa. Shi kuwa Dogo tuni ya bar ƙura ga irinmu. Bakinsa ya fi hannunsa aiki, Larabcinsa kamar ruwa, ya zama ɗan kwangila, ya zama wakilin masu gidaje, farar riga ba ta yin datti. Ban yi masa hassada ba, Allah ya sani. In mun haɗu a ɗaurin aure sai ya rungume ni ya ce ya akhuya, wato ɗan'uwana, mu tuna tuwon Yaya mu yi dariya.

Attajiri ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ma sun bi shi, gida ya faɗa hannun jikoki da ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Da Balad ta fara farin jini wurin masu yawon buɗe ido, suka so ɗakin ƙasa. Sun aika wa Yaya ba sau ɗaya ba, da lallashi da alkawarin wani wuri, ta ce ita kakansu ya zaunar da ita, in suna so su zo su ɗauke ta da hannunsu. Ba wanda zai iya ciccibar tsohuwa mai fuka a gaban sauran maƙwabtan da suka san maganar. Ta daina zuwa ko biki don kada ta bar ɗakin. Duk wannan na sani, kuma na san Dogo ne wakilinsu.

Sai ga shi wata rana har gidana a Waziriyya, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya sha shayi, ya tambayi gwiwata, sannan ya ce, "Ya Auta, halas, magana ta ƙare, na shawo kan yaran nan. Sun haƙura, Yaya ta zauna. Har ma sun ce a sa mata ƙofa ta kirki, mai kauri, ta riƙe sanyi, ta hana ɓeraye. Ka ga lungun yanzu baƙi ne ko'ina, tsohuwa ita kaɗai da wannan ƙofar kamar faifai." Na ce alhamdu lillahi. Ya ce, "Bas, sai dai gurbin ya yi kaɗan, sai an faɗaɗa. Wa zan bari ya taɓa halƙin Mu'allim in ba kai ba?" Na ce to zan yi da hannu, tana zaune, kamar yadda aka koya mana. Ya yi dariya ya kama hannuna yana jujjuyawa. "Da wannan hannun mai rawa? Katakon Jawa fa, ya sheikh, kuma ƙofar ta ninka tsohuwar kauri. Wata guda za ka yi ɗakinta na buɗe. Ka sa rauta, yalla, yini ɗaya. Sai dai ƙurar, ka san ƙirjinta. Ta je wurin 'yar ƙanwar mijinta a Khumra ta yi kwana biyu, a share, ta dawo." Na dube shi cikin ido na ce, "Dogo, ta dawo fa?" Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Wallahil azim. Matar da na ci tuwonta? Amma kai za ka gaya mata, ni in na faɗa ba za ta yarda ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce gaskiyar da ya faɗa duk ranar, ni kuma na ɗauke ta yabo. Na je na durƙusa a gabanta na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, "Baba bai taɓa tashin kowa ba." Na ce, "Yaya, zamani ne, injin ne mai ƙura, kuma ga fukarki." Ta ce, "Kai za ka yi aikin da hannunka?" Na ce ni. Ta ce, "To tunda kai ne." Ta ɗauki 'yar jaka da carbi da maganin shaƙa, ta bar tukunya a wanke a kife, ta ce in zuba wa kyanwa ruwa. Ni na riƙe hannunta har bakin titi na sa ta a mota.

Washegari Dogo ya zo da kansa, ya tuɓe farar rigar ya rataye, ya ce yau shi zai riƙe mini jagora. Wallahi sai da idona ya cika. Ina tura injin ina kallon hannunsa na hagu a kan katako, ga tabon nan fari, na ce a raina ashe yaron nan bai manta ba. Muka yi ta hira cikin ƙara, muna tsokanar juna, yana ce mini har yanzu a hankali nake kamar kunkuru. Da injin ya gama nasa na durƙusa da izmilin Mu'allim na share kusurwoyi, na fere ƙasa, na bi da yatsa har ban ji ko tudu ɗaya ba. Ban taɓa fafe gurbi mai kyan wannan ba, don ina cewa na Yaya ne. Aka ɗaga ƙofar aka rataya, ta shiga ta zauna, ko siririn haske ba ya ratsawa. Na tambayi makulli, ya ce irin na zamani ne mai lambobi, mai haɗawa zai zo gobe, in je in huta shi zai sa a share ƙurar.

Da na dawo bayan kwana biyu don in je in ɗauko ta, sai na tarar da dabbab, 'yar motar kayan nan, tana fita daga lungu. A bayanta ga gadon Yaya, ga akwatin ƙarfenta, ga bencin Mu'allim an ɗora shi ƙafafu sama. Na tura ƙofar ta ƙi motsi, kuma na san ba za ta motsa ba, tunda ni na zaunar da ita. Dogo yana tsaye a inuwa da waya a kunne. Na ce masa, "Mene ne wannan?" Ya sauke wayar ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya akhuya. Gidan mutane ne. Da kanta ta fita, ba wanda ya taɓa ta, kowa ya gani. Can ma ya fi mata, akwai masu kula da ita." Na ce, "Ka rantse mini." Ya ce, "Da na gaya maka za ka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka gani." Haka kawai, to ka gani, kamar wanda ya ci ni a dara. Na so in kai masa hannu, amma tsofaffi biyu suna dambe a lungu abin dariya ne, kuma ba zai buɗe ƙofa ba. Na je wurin maƙwabta, suka ce ai kai ka fitar da ita, mun ɗauka da yardarta ne. Limamin da aka yi maganar a gabansa kuwa ya daɗe a ƙasa.

An sha cin amanata a rayuwa, irin ta kafili, wato mai tsaya wa baƙo a ƙasar nan, da irin ta abokin ciniki, duk na haɗiye na wuce. Wannan ta ƙi wucewa. Mutumin nan ya zauna ya duba duk Jidda ya nemi mutum ɗaya da tsohuwar za ta tashi saboda maganarsa, ya same ni. Ya san abin da Mu'allim ya hana mu, ya san inda zai taɓa ni in manta. Har rigarsa ya tuɓe ya riƙe mini katako da hannun da ta ɗaure masa. Na daina gaisawa da shi. In na hango shi a jana'iza sai in koma wancan sahu, kuma ban ji ina neman gafarar Allah a kan haka ba tukuna. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce, ya ammi, wato baffa, ai doka tana tare da masu gida. Na sani. Ni ba maganar doka nake yi ba, maganar kwanon da muka ci a ciki nake yi.

Na daɗe ban iya zuwa Khumra ba, sai da matata ta ce in ban je ba ita za ta je ta ce na mutu. Na same ta a wani ɗaki a saman sito, manyan motoci na wucewa ginin na girgiza, taga ɗaya tana kallon katangar kwano. Mutanen gidan suna ƙoƙari, amma ba su san ta ba, Hausar ma yaran ji kawai suke yi ba sa mayarwa. Ta rame, 'yar jakar nan tana rataye a ƙusa kusa da kanta. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe baki zan fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Auta, ba sai ka faɗa ba. Tun da na ga bencin Baba a kan mota na gane." Ta yi tari ta huta. "Kyanwar fa?"

Na ce tana gidana.

"To madalla." Sannan ta ce, "Ƙofar ta zauna daidai?"

Na ce, "Ta zauna, Yaya."

"Ba ta cijewa a ƙasa? Gefen nan na Dogo yakan cije in an yi danshi."

Na ce, "Ba ta cijewa. Ko iska ba ta shiga."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta juya fuskarta wajen bango ta ce, "Ai na san in kai ka yi, ba mai iya buɗe ta."